Shin Koyon Kareti Ko Judo Yana Kare Mutum Daga Masu Ƙwace A Titi?

Wani matashi da ke da shagon sayar da yadi a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko mini da tambaya. Ya ce makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, yana kan hanyarsa ta komawa gida a ƙafa sai wasu samari biyu a kan babur suka sha gabansa, na baya ya sauko ya zaro wuƙa, suka karɓe wayarsa da cinikin ranar, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam, ko ihu bai iya yi ba. Tun daga ranar abin yake cin ransa, yana ganin ragwantaka ya nuna, saboda haka yana so ya san ko shiga ajin kareti ko tekwando zai hana a sake yi masa haka, kuma a cikin wasannin kare kai wanne ne ya fi aiki a titi.

Ƙanena, ina yi maka jaje, ina kuma taya ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan waya da kuɗi. Na shafe fiye da shekara 20 ina koyar da judo da damben zamani, kafin nan kuma na tashi ina kokawa a kan yashin bakin Binuwai kamar sauran yaran unguwarmu, don haka ba zan raina sana'ata ba, amma kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ta iya bayarwa ba. Horo yana da amfani, sai dai ba kowane horo ba, kuma amfaninsa ya sha bamban da wanda kake nema. Da a daren nan kana ɗaure da baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a waɗannan wasanni, ni ne kuma malaminka, abin da zan so ka yi shi ne ainihin abin da ka yi, wato ka miƙa wayar ka bar su su tafi.

Zan fara da tsayuwar nan da ka yi, domin na lura ta fi asarar damunka. Idan haɗari ya faɗo wa mutum ba zato, jikinsa yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin cikin jini, zuciya ta hau bugu da sauri, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, baki ya bushe, ido ya kafe a kan abu guda har mutum ya daina ganin abin da ke gefensa, yatsu kuma su yi nauyi ta yadda ko makulli ba zai iya zura wa kwaɗo ba. A cikin wannan hali wani yakan afka wa abin da ya tsorata shi, wani ya sheƙa da gudu, wani kuma ya daskare, kamar yadda zomo yake lafewa ya yi lamo idan shaho yana shawagi a kansa. Duk ukun halitta ce, ba mutum ne yake zama ya zaɓa ba. Na sha ganin yaron da ya iya dabarunsa tsaf a ɗakin atisaye, amma ranar gasarsa ta farko, da jama'a suka ɗauki sowa, sai ya tsaya kamar an dasa shi har abokin karawarsa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Wannan yaron idan ya kai gasa ta biyar ba ya daskarewa, alhali tsoron yana nan bai tafi ba, jikinsa ne ya saba yin aiki a cikinsa. A ganina wannan ne abu mafi daraja da horo na gaske yake bai wa mutum, wato ya gajarta masa lokacin da ke tsakanin firgita da motsi, ko motsin nan gudu ne, ko ihu, ko miƙa waya cikin natsuwa ba tare da hannu ya yi wani abin da zai tsorata mai wuƙa ba.

Mutane suna cewa faɗan titi kamar abu guda ne, alhali abin da ya same ka ba faɗa ba ne sam. Ɗan ƙwace shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi lokacin, shi ya zaɓe ka bayan ya ga kana tafiya kai kaɗai, ya zo da abokinsa da makaminsa da babur ɗin da zai gudu a kai, kuma ba gwada ƙwanji ya zo yi ba, kayanka yake so cikin ƙiftawar ido. Ka kwatanta wannan da filin wasa, inda akwai alƙali, akwai katifa, an auna nauyinku an ga ya yi daidai, kun gaisa, kowa ya san an fara, kuma babu wani na uku da zai ɓullo ta bayanka. Wanda ya yi shekara goma a filin wasa ya ƙware a abin da filin wasa yake koyarwa, kuma rabin abin da ke faruwa a titi bai taɓa ganinsa ba. Ga masu tare hanya da bindiga kuwa, irin zarginan da suka daɗe suna addabar matafiya a hanyoyinmu na arewa, babu maganar judo ko dambe.

Akwai kuma faɗan zuciya, wanda a abin da idona ya gani shi ne ya fi kai samarinmu asibiti da kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda: gardama a kan kuɗin haya da mai babur, zagi a tasha, musu a wajen kallon ƙwallo, ture-ture a layin famfo. Irin wannan yana da matakai, ana fara shi da baki, a matso, a nuna yatsa, a kama kwalar riga, kuma a kowane mataki akwai ƙofar fita ga wanda yake son fita. A nan horo takobi ne mai kaifi biyu. Ɗalibin da ya yi wata shida ya fara jin ƙarfi a damtsensa ya fi kowa saurin tsayawa inda ya kamata ya wuce, shi kuwa wanda ya daɗe, wanda ya san yadda ƙeya take ƙara idan ta bugi daɓe, yakan zama mai sanyi, domin ba shi da abin da zai nuna wa kowa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi, shi nake fara karanta wa duk sabon ɗalibi kafin ya taka katifa. Hausawa ma sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, ni kuma ina ƙara wa ɗalibaina cewa har wanda bai fi ƙarfinsu ba su yi masa haka.

Inda horo yake ceton mutum kai tsaye shi ne harin da jikinka ake nema da shi, kamar a riƙe ka ana so a ja ka cikin mota ko cikin kango, ko a danne mace, ko wani ya rufe ka da duka babu abin da za ka miƙa masa ya ƙyale ka. A nan miƙa wuya ba ya raba ka da sharri, kuma bin maharin zuwa wurin da ya zaɓa ya fi tsayawa a inda jama'a za su ji muryarka haɗari. Abin da ake buƙata shi ne ka iya tsayawa da ƙafafunka, ka kare kanka, ka ɓamɓare riƙo, ka yi ihu, ka samu daƙiƙa biyu ko uku da za ka gudu. Ba a neman ka yi nasara a kansa.

To wane horo ne yake koya wannan? Sunan wasan ba shi ne ma'auni ba, yadda ake koyar da shi ne. A shekarar 1882 wani malamin Japan mai suna Jigoro Kano, wanda sunansa ya yi kama da na birnin Kano ne kawai ba tare da wata alaƙa ba, ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokiyo. Ya ɗauko dabarun tsohon faɗan jujutsu, ya keɓe masu haɗari irin su dukan maƙogwaro da ido ga darasin nuni kawai, ya bar jifa da dannewa da murɗe gaɓa da shaƙewa, waɗanda ɗalibai biyu za su iya gwada wa juna da iyakar ƙarfinsu ba tare da an nakasa kowa ba. Wannan karawa ta yau da kullum ita ake kira randori, kuma ita ce zuciyar judo. Hikimar da ke ciki tana da sauƙin faɗa amma mutane da yawa ba sa yarda da ita sai sun ɗanɗana: dabarar da ka gwada sau dubu a kan mutumin da yake turjiya, yana kuma neman ya kayar da kai, ita ce za ta fito daga jikinka ranar tsoro, ita kuwa dabarar kisa da ba ka taɓa yi wa kowa ba sai iska, a ranar za ka neme ta ka rasa.

Duniya ta ga shaidar haka a watan Nuwamban 1993, lokacin da aka yi gasar UFC ta farko, wato gasar faɗan da ake haɗa dambe da kokawa, a birnin Denba na Amurka, aka tara mutum takwas daga wasanni daban-daban kusan ba tare da ƙa'ida ba. Wanda ya lashe gasar shi ne Royce Gracie, ɗan Birazil mai jiu-jitsu, wato kokawar ƙasa da ta samo asali daga judo, wanda yake cikin mafi ƙarancin nauyi a cikinsu, kuma ya ci karawa uku a dare ɗaya ta hanyar kai abokan karawarsa ƙasa ya tilasta musu sallamawa. Wasu sun ɗauki darasin da cewa jiu-jitsu ya fi kowane wasa, amma shekarun da suka biyo baya sun nuna abin ya fi haka faɗi, domin wasannin da suka ci gaba da fitar da zakaru su ne kokawa da dambe da judo da jiu-jitsu da damben Tailan, kuma abin da ya haɗa su duka shi ne ana karawa ta gaske a atisayensu. Ka kuma lura cewa daga shekarar 1997 masu gasar da kansu sun fara raba 'yan wasa bisa nauyi, domin idan ƙwarewa ta zo ɗaya, mai jiki ne yake rinjaye. Duk malamin da ya ce maka girman jiki ba ya nufin komai bai gaya maka gaskiya ba.

Saboda haka idan ka je makaranta, kada ka dubi launin ɗamarar malami ko takardun da ya rataya a bango. Ka zauna ka kalli darasi biyu kafin ka biya ko sefa ɗaya. Ka duba ko ɗalibai suna karawa da juna da gaske, ko kuwa ɗaya yana miƙa hannu ne ya tsaya cak har ɗayan ya gama dabararsa guda biyar. Ka duba ko manya suna tausaya wa sababbi, ko kuwa ana mayar da su buhun duka. Makarantar da babu karawa a cikinta motsa jiki take koyarwa, wadda kuma ake fasa wa sabon shiga hanci a makon farko za ta bar ka da ciwon kai kafin ta koya maka komai, domin duka a kai yana taruwa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta yin tauri ta saba da duka kamar tafin hannu.

Judo ina fifita shi ga mutum irinka saboda dalilai da ba su da ƙawa. Abu na farko da ake koya a cikinsa shi ne faɗuwa, wato yadda za ka kai ƙasa haɓarka a manne da ƙirji, ƙeyarka ba ta taɓa daɓe ba, hannunka bai tokare ya karye ba. A faɗan titi abin da ya fi kashe mutum sau da yawa ba naushin ba ne, buguwar kai da kwalta ne bayan naushin. Ɗalibaina da suka dawo suna yi mini godiya, mafi yawansu faɗuwa daga babur ce ta kawo su, ba faɗa ba. Bayan haka judo yana koya maka abin da za ka yi idan an cakumi rigarka, kuma mu mutane ne masu sa kaftani da babbar riga, waɗanda suke bai wa mahari mariƙa ta ko'ina. Sai dai ka sani cewa jifar da take wasa a kan katifa tana iya zama kisa a kan kwalta, kuma wannan nauyi ne da yake kan wuyan wanda ya iya.

Kokawarmu ta gargajiya tana ba da kusan rabin wannan a kyauta. Wanda ya tashi yana kokawa yana da wuyar kayarwa, ƙugunsa yana da nauyi, riƙonsa yana da ƙarfi, kuma ya saba da jin ƙarfin wani a jikinsa, abin da wanda ya yi shekara uku yana kareti wataƙila bai taɓa ji ba. Gibinta shi ne ba ta san naushi ba, ɗan kokawa yakan shigo da kansa a buɗe, kuma wasan yana ƙarewa da zarar an taɓa ƙasa. Dambenmu na gargajiya, wanda asalinsa wasan mahauta ne, yana koya jarunta da sanin tazara, domin naushin da ake kaiwa a cikinsa na gaske ne, ana yin turmi uku ana neman kisa, wato a kai mutum ƙasa. Amma an gina shi a kan hannu ɗaya da aka naɗe da tsumma da igiya, wanda ake kira mashi, da ɗayan da ake miƙawa a matsayin garkuwa, kuma babu wanda zai jira ka naɗe hannu a bakin kasuwa. Ina girmama 'yan dambe ƙwarai, amma ba zan tura mai shago mai iyali ya koyi kare kai a fagen da ake karɓar irin wannan duka a kai ba tare da kariya ba.

Damben zamani shi ne na biyu da nake ba ka shawara, kuma yana da tushe a ƙasar nan, tunda lambar Olamfik ta farko da Kamaru ta samu a dambe ne, azurfar da Joseph Bessala ya ciyo a Meziko a 1968, sannan Martin Ndongo-Ebanga ya ƙara tagulla a 1984. Cikin wata shida ɗan dambe yana koyon abubuwan da suke aiki a ko'ina: ya ajiye haɓa, ya ɗaga hannu, ya matsa gefe maimakon ya ja da baya a miƙe, ya ga naushi yana zuwa bai rufe ido ba. Matsalarsa ita ce safar hannu tana ɓoye wa mutum raunin hannunsa. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, goshi kuwa dutse ne, kuma karayar ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ta zama ruwan dare har likitoci suna kiranta karayar ɗan dambe. Idan kuma haƙori ya yanki gaɓar yatsa, ƙwayoyin cutar baki suna shiga har cikin gaɓar, ciwon da ake gani ƙarami ya kumbura cikin kwana biyu, don haka irin wannan yanka na asibiti ne tun ranar. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina turawa da bugu da tafin hannu idan babu safa.

Game da kareti da tekwando da ka ambata, ba zan yi musu kuɗin goro ba. Kareti ya fito daga tsibirin Okinawa, tekwando daga Koriya, kuma dukansu suna gina ladabi da saurin ƙafa da lafiyar jiki, har ina ba iyaye shawarar su sa yaransu ƙanana. Akwai makarantun kareti da ake karawa ta gaske, irin tsarin Kyokushin, kuma ɗalibansu ba abin rainawa ba ne. Amma inda darasi ya ƙare a kan kata, wato jerin motsin da mutum yake haddacewa ya yi shi kaɗai, ko a kan gasar da ake tsayar da wasa da zarar an taɓa abokin karawa, to ana dasa wa jiki ɗabi'ar tsayawa bayan bugu ɗaya. Shurin kai kuma, wanda shi ne adon tekwando, ka tuna cewa za ka yi shi ne da silifa da doguwar riga, a kan yashi ko taɓon damina, kana tsaye da ƙafa ɗaya. Shi kuwa jiu-jitsu, abin da za ka ɗauka a cikinsa shi ne yadda ake zamewa daga ƙarƙashin wanda ya danne ka a miƙe tsaye, domin wanda ya kwanta yana murɗe hannun mutum ɗaya ya bar kansa a fili ga takalmin na biyu, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kwasa-kwasan mako biyu da bidiyoyin waya masu nuna yadda ake ƙwace bindiga, waɗannan ka bar su inda ka gan su.

Na san samari da yawa yanzu Francis Ngannou suke kallo, kuma sun yi daidai da suke alfahari da shi, yaron Batie a yammacin Kamaru da ya yi aikin haƙar yashi tun yana ƙarami, ya zama zakaran masu nauyi na UFC a watan Maris na 2021, har ya kai zakaran damben zamani Tyson Fury ƙasa a Riyad a 2023. Amma duk waɗannan ya yi su ne da mutum ɗaya a gabansa, da alƙali a tsakani, da likita a gefe, kuma an tabbatar babu ƙarfe a hannun kowa.

Yanzu ga maganar wuƙa, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da kyau. A ajina akwai wani gwaji da nake yi. Ina bai wa sabon ɗalibi guntun itace da aka shafa wa gawayi, in sa tsohon ɗalibi mai ɗamara ya sa farar riga, in ce wa sabon ya kai masa suka yadda ya ga dama na daƙiƙa 10. Ban taɓa ganin farar rigar ta fita ba tare da baƙi a ciki da haƙarƙari da hannuwa ba. Dalili shi ne mai wuƙa na gaske ba ya miƙo hannu sau ɗaya ya tsaya kamar yadda ake nunawa a fim, yana riƙe ka ne da hannu ɗaya yana kai gajerun suka da ɗayan, kuma wuƙa ba ta buƙatar ƙarfi ko gwaninta, taɓawa kawai take buƙata. Tazara ma ba ta da tabbas kamar yadda ake zato. A 1983 wani mai horar da 'yan sanda a jihar Yuta ta Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mutum mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato kusan mita 6 da rabi, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi.

Ina da ɗalibi, mai haya da babur ne, yaro mai ƙwazo da ya kusa kai wa baƙar ɗamara. Wani fasinja ya zare masa wuƙa a bayan gari, shi kuma ya kai hannu ya kama wuyan hannun mutumin kamar yadda ya gani a waya. Ya kama ɗin, amma mutumin ya fizge, kaifin ya bi ta tafin hannunsa ya datse jijiyoyin da suke lanƙwasa yatsu. Babur ɗin ya tafi duk da haka, kuma yau yatsunsa biyu ba sa riƙe birki. Har yanzu idan na tuna shi raina yana ɓaci, domin na san ƙarfin gwiwar da ya sa ya kai hannun a ajina ya same shi, kuma tun daga lokacin ban ƙara barin ɗalibi ya wuce wata uku bai yi gwajin gawayi ba. Haka nan nake faɗa wa masu dogaro da maganin ƙarfe da layun tauri: abin da ake nunawa a dandali ranar biki daban, abin da likitocin tiyata suke ɗinkewa da dare daban, kuma duk abin da zai sa ka tsaya gaban wuƙa alhali kana da hanyar kaucewa, cutar da kai yake yi, laya ce ko ɗamara.

Idan wuƙa ta fito kuma kaya ake nema, ka bar hannuwanka a inda ake ganinsu, ka faɗi abin da za ka yi kafin ka sa hannu a aljihu, ka miƙa ko ka ajiye a ƙasa ka ja baya, kada ka bi su. Wani zai kawo maka hadisin da ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma hadisin ingantacce ne, amma malamai da yawa sun bayyana cewa kare dukiya halas ne ba tare da an wajabta wa mutum ya ba da ransa a kanta ba. Idan kuwa ya tabbata kai ake nema kuma babu hanyar gudu, to ka sa wani abu a tsakaninku, benci ko kujera ko jaka ko babur ɗin kansa, ka yi ta ihu, ka nemi ƙofa. Bayan an rabu ka laluba jikinka da hannu ka duba, domin mutane da yawa da aka soka sun ɗauka naushi ne aka kai musu sai da suka ga jini. Rauni mai zubar da jini ana danne shi ne da tsumma mai tsabta da ƙarfi ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, wuƙar da ta maƙale a jiki ba a zare ta sai a asibiti, wanda kuma ya bugu a kai ya fara amai ko magagi ko barcin da bai saba ba, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Akwai kuma doka, wadda masu koyar da kare kai ba su cika ambata ba. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, wanda aka sabunta a 2016, ya amince da kare kai a sashe na 84, amma da sharaɗin cewa harin na zalunci ne, buƙatar karewar ta nan take ce, kuma martanin ya yi daidai da girman harin. Ma'ana, idan ka ture wanda ya shaƙe ka ka gudu, doka tana tare da kai, amma idan ya faɗi ka ci gaba da shurinsa, ko ya juya yana gudu ka bi shi ka fasa masa kai, ko ka shiga cikin taron da ya rufe ɓarawo da duka, to kai ne za ka yi bayani a gaban jandarmomi. Ɗaukar wuƙa don kare kai ma ba na ba da shawararsa, domin tana mayar da gardamar da za ta ƙare da zagi ta zama ta gawa.

Ga abin da zan so ka yi. Ka fara da abin da ba ya buƙatar malami: ka daina ɗaukar cinikin rana a jikinka da dare, ka zuba shi a asusun waya ko ka ajiye kafin magariba, ka riƙa tashi tare da maƙwabtan shagonka, ka sauya hanya da lokaci, ka bar waya a aljihu har ka shiga gida, kuma ka samu mai babur ɗaya ko biyu da ka sani ka riƙa kiransu. Sannan ka nemi ajin judo ko na damben zamani mafi kusa da kai, domin makaranta mai matsakaicin kyau da za ka iya zuwa sau uku a mako ta fi shahararriya da ke wancan gefen gari. Ka ƙara da gudu sau biyu a mako, gajere mai sauri na mita 50 zuwa 100 ana maimaitawa, tunda shi ne abin da za ka fi buƙata. Wata ukun farko kusan babu abin da za ka koya sai faɗuwa da tsayuwa da numfashi, kuma sai ka yi kamar shekara kafin ka ji jikinka ya daina firgita idan an cakume ka. Ka je da farce a yanke da gorar ruwa, kada ka ci abinci mai nauyi awa biyu kafin darasi, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ka zaɓi ajin bayan sallar asuba ko na bayan magariba.